Wa ke biyan kuɗin ruwan da ke zuba daga rufin gida?

Wani bawan Allah ya tambaye ni: "Na ji an ce akwai biranen da ke karɓar kuɗi a hannun masu gidaje saboda ruwan sama. Ta yaya za a caji mutum a kan abin da Allah Ya saukar kyauta? Kuma harajin da aka saba biya, ba shi ya kamata ya gyara magudanan ruwa ba?"

Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa. A Amurka kaɗai garuruwan da ke karɓar irin wannan kuɗi sun haura 1,500, a Jamus kuwa abin ya zama ruwan dare. Amma babu hukumar da ke sayar da ruwan sama. Abin da ake biya shi ne kuɗin kwashe ruwan da fulotin mutum ya ƙi sha, ya turo wa jama'a.

Bari in fara da lissafi, domin duk gardamar a kansa take. Idan ruwan sama na milimita 1 ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Gidan da rufinsa da daɓen tsakar gidansa suka kai murabba'in mita 200, in aka yi ruwa na milimita 25, zai zubar da lita 5,000. Babban kanti mai rufi da filin ajiye motoci na murabba'in mita 20,000 zai zubar da lita 500,000 a wannan ruwan guda, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan. Kafin a yi ginin, ƙasar wurin ce ke shanye yawancin ruwan, ciyawa ta riƙe wani, saura ya gangara rafi a hankali. Da aka shimfiɗa kwalta da siminti sai ruwan ya rasa mashiga, ya taho gaba ɗaya da gudu, ɗauke da baƙin mai, ƙurar taya, takin zamani, leda da yashi. Dole wani ya tarbe shi: lambatu, kwalbati, bututun ƙarƙashin ƙasa, tafkin tara ruwa, wani wurin har da injin tura ruwa. Duk waɗannan da kuɗi ake gina su, da kuɗi kuma ake raya su.

Rayawar ce ta fi damuna, domin ita ce ba a gani. Na sha tsayawa a bakin ramin kwata ana ɗaga murfinsa da ƙarfe. Bututun da a takarda mutum zai iya rarrafawa a cikinsa, sai ka tarar yashi ya cinye fiye da rabinsa, ya daskare kamar bulo, saiwar bishiya ta kutso ta mahaɗa ta yi gammo, robobi sun maƙale a jikinta. Injiniyan da ya zana shi bai yi kuskure ba. An dai shekara da shekaru ba a aiko motar zuƙe yashi ba, saboda babu wanda ya ware mata kuɗi. Ran da unguwar ta cika da ruwa sai a ce ruwan bana ya yi yawa, alhali rabin hanyarsa aka bari ta toshe.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta biyu. Ƙwarai, birane da yawa har gobe daga harajin gidaje da sauran kuɗin shiga suke gyara magudana. Matsalar ita ce duk kuɗin a tukunya ɗaya suke, kuma kowa da ludayinsa: makarantu, asibitoci, albashi, 'yan kwana-kwana, tituna. In an zo rabon kasafi, bututun da ke binne ba shi da mai yi masa magana. Shekarar da aka yi ambaliya za a ware masa kuɗi, bayan shekara biyu lafiya sai a zaftare. Aikin magudana kuwa tsari yake so na shekara ashirin ko talatin, ba ya yiwuwa da kuɗin da ba a san ko baɗi za a samu ba.

Akwai kuma matsalar ma'auni. Harajin gida darajar gini yake bi, ruwa kuwa faɗin daɓe yake bi, kuma biyun ba sa tafiya tare. Dogon bene mai hawa ashirin yana da tsada ƙwarai, amma rufinsa ɗaya ne, ruwan da yake zubarwa bai taka kara ya karya ba. Filin ajiye motoci da ke gefensa ba shi da wata daraja a littafin haraji, amma shi ne ke cika lambatu. Ga kuma gine-ginen da doka ta yafe wa haraji, irin su ofisoshin gwamnati, jami'o'i da wuraren ibada. An yafe musu haraji, amma rufinsu bai daina zubar da ruwa ba, nauyinsu sai ya koma kan sauran jama'a.

Wasu biranen sun bi ta takardar kuɗin ruwan famfo, nan ma aka ci karo da irin wannan. Filadelfiya ta ƙasar Amurka ta daɗe tana raba kuɗin magudana gwargwadon girman mitar ruwan da ke wurin. Wanda sana'arsa ke shan ruwa da yawa a ƙaramin gini yana biya da yawa, mai filin motoci da ba shi da mita ko ɗaya ba ya biyan komai. Daga 2010 birnin ya sauya tsari ga wuraren da ba gidajen zama ba, aka shigo da shi a hankali cikin shekara huɗu: kashi 80 cikin 100 na kuɗin ana raba shi bisa faɗin wurin da ba ya shan ruwa, kashi 20 bisa girman fulotin gaba ɗaya. A Jamus kotuna ne suka tilasta canjin. Da can ana auna kuɗin ruwan datti duka da yawan ruwan famfon da gida ya sha, har ya zama iyali mai mutum shida a ɗan ƙaramin gida sun fi katafaren ɗakin ajiyar kaya biya. Babbar kotun gudanarwa ta jihar Baden-Württemberg ta yanke hukunci a 2010 cewa dole a raba kuɗin gida biyu, na ruwan da aka yi amfani da shi daban, na ruwan sama daban. A Berlin ana lissafa na ruwan saman ne a kan kowane murabba'in mita da aka rufe, shekara-shekara.

To yaya ake fitar da abin da kowa zai biya? Hukuma takan fara da ƙididdige abin da aikin zai ci a shekara: share magudanai, gyara, albashin ma'aikata, biyan bashin manyan ayyuka. Sannan a ɗauki hoton birnin daga sama, a ɗora shi a kan taswirar fulotai, a auna rufi, daɓe da kwalta na kowane wuri. Da yake auna gidaje dubbai ɗaya bayan ɗaya yana da wahala da tsada, sai a ɗebi samfur a fitar da matsakaicin gida, a mai da shi mudun awo. A Washinton, babban birnin Amurka, mudun nan murabba'in ƙafa 1,000 ne. Mu ɗauka, don misali kawai, mudun wani birni murabba'in mita 250 ne, kuma da aka tara duk birnin an sami mudu 100,000, aikin shekara kuma zai ci miliyan 12 na kuɗin ƙasar. Kowane mudu zai biya 120 a shekara, wato 10 a wata. Matsakaicin gida ya biya 10, kantin nan mai murabba'in mita 20,000 ya zama mudu 80, ya biya 800. Birane da yawa sukan kasa gidaje aji-aji, ƙarami, matsakaici da babba, don kada mai ɗaki biyu ya biya daidai da mai katafaren gida. Mississauga ta ƙasar Kanada, wadda ta fara karɓa a 2016, aji biyar ta yi bisa girman rufi.

Kuɗin da aka tara a asusu na musamman yake zama, doka ta hana a taɓa shi don wani aiki. A ganina wannan ne ƙashin bayan tsarin, ya ma fi lissafin mudu muhimmanci. Da zarar birni yana da kuɗin shiga tabbatacce duk wata, zai iya cin bashi mai dogon zango a kansa, ya yi babban aiki yau, ya biya a hankali. Hukumar ruwa ta Washinton tana haƙa manyan ramuka a ƙarƙashin birnin don tare ruwan da ke kwarara cikin kogunan Anacostia da Potomac, aikin da ya haura dala biliyan 2. Tsohon ɓangaren birnin bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan bayan gida da na sama, in ruwa ya yi ƙarfi sai gaurayen ya malala cikin kogi. Tun 2009 ake karɓar kuɗi bisa faɗin daɓe don wannan aiki, kuma a 2014 hukumar ta sayar da takardun bashi na dala miliyan 350 waɗanda wa'adinsu shekara 100 ne. Hujjarta ita ce ramin zai yi wa jikoki aiki, don haka su ma su ɗauki rabonsu.

Abin da ya tura biranen Amurka wannan hanya doka ce. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 an yi mata gyara a 1987 aka shigar da ruwan sama da ke fita daga birane. Daga 1990 biranen da mutanensu suka kai 100,000 sai da lasisi suke zubar da shi a kogi, a 1999 aka faɗaɗa dokar zuwa ƙananan garuruwa. An ɗora musu nauyi ba a haɗa da isassun kuɗi ba, dole suka nemi mafita. Copenhagen, babban birnin Denmark, kuwa ruwa ne ya koya mata: a ranar 2 ga Yulin 2011 aka yi ruwan da ya kai kimanin milimita 150 cikin sa'o'i biyu, a 2012 birnin ya fitar da shirinsa na tarbar irin wannan ruwa. Ɓangaren da ya shafi tafiyar da ruwa ana biyansa ta takardar kuɗin ruwa, ɓangaren ƙawata wuraren kuma daga haraji.

Yanzu ga inda lauyoyi ke shigowa. Shin wannan kuɗi haraji ne, ko ladan aiki ne kamar kuɗin kwashe shara? Bambancin ba na suna kawai ba ne. A wurare da yawa sabon haraji sai jama'a sun kaɗa ƙuri'a, kuma waɗanda aka yafe wa haraji ba za su biya ba. Ladan aiki kuwa majalisar birni na iya sa shi, kuma kowa zai biya. A 1998 kotun ƙolin jihar Michigan ta soke kuɗin da birnin Lansing ya sa, ta ce haraji ne aka saka wa wata riga. Abubuwan da ta duba su ne ko manufarsa tsara aiki ce ba tara kuɗi kawai ba, ko ya yi daidai da abin da aikin ke ci, da ko mutum na da hanyar rage shi ko kauce masa. Kotun ƙolin Missouri ma ta soke na yankin St. Louis a 2013. Hukumomin gwamnatin tarayyar Amurka sun daɗe suna ƙin biya da hujjar cewa ƙaramar hukuma ba ta da ikon sa musu haraji, sai da aka sa hannu a wata doka a farkon 2011 da ta wajabta musu. Gundumar Los Angeles ba ta tsaya ja-in-ja ba, ta kira shi haraji ƙarara ta kai wa masu zaɓe a 2018: senti biyu da rabi a kan kowane murabba'in ƙafa da ba ya shan ruwa. Ana buƙatar kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, kuma an samu. Abin da ya taimaka a can shi ne ƙarancin ruwa, an nuna wa mutane cewa ruwan da ke tafiya teku za a tare shi a yi amfani da shi.

Ba ko'ina abin ya yi armashi ba. Jihar Maryland ta yi doka a 2012 ta tilasta wa gundumomi 9 da birnin Baltimore su sa wannan kuɗi don kare mashigin ruwan Chesapeake. 'Yan adawa suka laƙaba masa "harajin ruwan sama", sunan kuma ya bi shi. Gundumar Frederick ta sa senti ɗaya a shekara don nuna ƙin amincewa. Larry Hogan ya yi yaƙin neman zaɓe da batun, ya ci gwamna a 2014, a 2015 aka cire tilascin. Amma wajibin tsaftace ruwan yana nan, gundumomin da suka janye kuɗin dole su nuna inda za su samo na aikin, wato daga aljihun mutanen nan dai ta wata ƙofa. Faransa ma ta ba garuruwanta damar sa irin wannan haraji, kaɗan ne suka karɓa, aka soke shi daga 2015. Darasin da na ɗauka daga Maryland shi ne an kawo takardar biya kafin a nuna aiki. Wanda aka ce masa ya biya don wani mashigin teku mai nisa zai yi gunaguni, amma in aka nuna masa kwalbatin kan titinsu da ranar da za a fara gyara ta, maganar takan canza. Holand ba ta fama da wannan sosai, domin hukumomin ruwanta 21 suna da harajinsu da zaɓensu, kuma asalinsu ya koma ɗaruruwan shekaru. Wanda ke zaune ƙasa da tsayin teku ba ya buƙatar dogon bayani.

Sai batun rangwame, wanda masu tallata tsarin suka fi yabo. Tunda daɓe ake caja, duk wanda ya rage ruwan da yake fitarwa ya kamata a rage masa. Ka fasa siminti ka sa tubalin da ruwa ke ratsawa, ka haƙa ramin da ruwan indararo zai nutse, ka kafa tankin tara ruwa, ka shuka ciyawa a kan rufi, sai kuɗinka ya ragu. A garuruwan Jamus da dama rufin da aka shuka wa ciyawa rabin faɗinsa ake lissafawa. A Ingila in ka nuna cewa ruwan rufinka ba ya shiga bututun kamfanin ruwa, ana cire maka wannan kaso daga takardarka. Washinton ta wuce nan: tun 2013 wanda ya tare ruwa fiye da abin da doka ta ɗora masa yana iya sayar da rarar ga mai ginin da ba shi da fili, kowace takarda ɗaya tana matsayin galan ɗaya na tsawon shekara ɗaya.

Ina goyon bayan rangwame, amma gaskiya ɗaya ce: ga mai ƙaramin gida ba ya biyan wahalarsa. In abin da kake biya a wata kaɗan ne, rabinsa ma kaɗan ne, za ka shekara da yawa ba ka mai da kuɗin tankin ba. Inda yake aiki shi ne wajen masu manyan filaye, su ma sai an haɗa musu da tallafi, kamar yadda Filadelfiya ke yi a shirinta na shekara 25 da ta fara a 2011. Kuma rangwamen da ba a bin sawunsa asara ne. Na taɓa zuwa duba wani ramin tsotse ruwa da aka yi wa mai shi ragi saboda shi. A takarda yana nan lafiya. Da muka isa, laka ta like bakinsa, an jibge tarkacen gini a kai, ruwan kuma ya yi wa kansa hanya ta gefe zuwa titi. Mai wurin ba mugunta ya yi ba, ya sayi ginin ne ba wanda ya gaya masa amfanin ramin. Tun daga ranar nake cewa duk birnin da ba zai iya aika mai dubawa ba, kada ya yi alkawarin rangwame mai yawa.

Ko da an auna daidai, akwai inda adalcin ke tangaɗi. Tituna suna cikin manyan masu zubar da ruwa a kowane birni, kuma na kowa ne, don haka ko dai gwamnati ta biya kasonsu daga haraji, ko a raba shi a kan masu fulotai. Ni na fi ganin dacewar na farko. Akwai wuraren da filinsu ke da faɗi aljihunsu kuwa babu nauyi. Da wani kamfanin ruwa a arewa maso yammacin Ingila ya koma caji bisa faɗin wuri a 2008, majami'u da ƙungiyoyin wasanni da na matasa suka ga kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo, har sai da dokar 2010 ta ba da damar yi musu sassauci. A Washinton ma maƙabartu da majami'u sun koka, aka buɗe musu asusun agaji. Ɗan haya kuma, ko sunansa ba ya kan takarda, mai gida zai zuba masa a kuɗin haya, alhali ba shi da ikon fasa daɓen gidan. Shi ya sa nake ganin sassauci ga masu ƙaramin ƙarfi wajibi ne tun ranar farko, kuma a fito fili a faɗi wanda zai cike giɓin. Sabbin gine-gine kuwa hanyarsu daban: a sa mai gini ya tare ruwansa a cikin filinsa, ko ya biya kuɗin faɗaɗa magudana sau ɗaya lokacin karɓar izinin gini, don kada tsofaffin mazauna su ɗauki nauyin da ba su suka jawo ba.

Birnin da ba shi da cikakkiyar rajistar filaye ba sai ya jira ya auna kowane gida ba. Yana iya farawa da manyan wurare, masana'antu, manyan kantuna, rumbunan kaya, waɗanda ba su da yawa amma su ke da kaso mai tsoka na daɓen, gidaje kuma a sa musu aji biyu ko uku. A liƙa kuɗin a takardar da mutane suka riga suka saba biya, domin buga sabuwar takarda da bin ta gida-gida na iya cinye abin da za a tara.

In wata rana irin wannan takarda ta zo hannunka, fara da duba faɗin da aka rubuta maka. Hoton sama yana kuskure: yakan ɗauki tsakuwa ko busasshiyar ƙasa a matsayin siminti, yakan haɗa rumfar maƙwabci da fulotinka, wani lokaci hoton ya tsufa, ginin da ke cikinsa an riga an rushe shi. Ɗauki tef ka auna tsawo da faɗin rufinka da daɓenka, ka ɗauki hotuna, ka nuna inda indararonka ke zuba. In a cikin lambu yake zuba ba a lambatu ba, rubuta haka a takardar ƙorafi, ka kuma nemi a mayar maka da rarar da ka riga ka biya in dokar birnin ta yarda.